Ashe Ba Ƙarfi Ba Ne

Assalamu alaikum. Ni 'yar Bichi ce, aure ne ya kawo ni Kano, muna zaune a Kurna. Ɗana na fari sunan surukina ya ci, don haka Abba muke ce masa. Ya doshi shekara tara yanzu, bai taɓa takawa da ƙafarsa ba, cokali ma ba ya iya kai wa bakinsa. Abin da ya zaunar da ni rubuta labarinsa shi ne, duk ranar da muka je gashin ƙashi a asibiti sai na tarar da sabuwar uwa a kan benci da jariri a cinya, tana maimaita maganar da aka taɓa yi a gidanmu: wai da jikinsa a sake yake, amma yanzu alhamdu lillahi ƙarfi ya fara zuwa.

Lafiya ƙalau na haife shi. Naƙudar ba ta yi tsawo ba, yana faɗowa ya tsala kuka, washegari aka sallame mu. Da yake haihuwar fari ce, Bichi aka wuce da ni wankan gida. Lokacin hunturu ne, ɗakin Inna taga ɗaya gare shi, ita ma an danne ta da labule mai kauri kada iska ta shigi mai jego. Ga garwashi a kasko, ga turare, ga ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa. A wannan duhun babu mai iya gane launin fatar jariri. Kayan sawarsa kuwa tun cikin yana wata bakwai aka jera su a akwati, aka watsa kafur a tsakani saboda kyankyaso, yadda kowane gida yake yi.

A kwana na uku ya rage kama nono. Sai barci kawai, in an tashe shi ya ɗan tsotsa ya saki. Inna ta ce, "Kin yi sa'a, ɗan naki mai haƙuri ne." Ƙanwata ce ta fito da shi tsakar gida za ta shafa masa mai, ta ƙwala mini kira, "Yaya, zo ki ga idon yaron nan." Farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Tsofaffin gidan suka leƙa suka ce shawara ce, wane jariri ne ba ya yin ta? A riƙa shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos. Wani mai kemis ya ƙara mana da maganin ɗigawa a baki.

Ana gobe suna, cikin dare, ya soma wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, siriri mai tsini, ba ya yankewa. Yana yi yana banƙarewa, ƙeyarsa tana neman taɓa gadon bayansa. Nono kuwa ya ƙi sam. Babansa ya bar wa yayyensa raɗin suna da yankan rago, asubar fari muka kamo hanyar Kano.

A Asibitin Malam Aminu Kano likitar jarirai ta buɗe tafin ƙafarsa ta kalla, ta ce a ɗebi jini yanzu-yanzu. Daga baya na san dalili: shawara daga fuska take farawa tana gangarowa, in ta kai tafin hannu da tafin ƙafa to ta yi nisa. A ranar aka yi masa canjin jini. Ta cibiya ake zura siririyar roba, a zuƙe nasa kaɗan a mayar da sabo kaɗan, haka har a gama. Sannan aka kwantar da shi tsirara a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa idanu. Likitar ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Maman yaro, kuna sa kafur a kayansa?" Na ce ƙwarai kuwa.

Ta zauna ta yi mini bayani. Jajayen ƙwayoyin jini in sun mutu suna barin wani sinadari rawaya da ake kira bilirubin, hanta ce ke kwashe shi ya fita ta bayan gida. Hantar jariri ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa jarirai da yawa suke ɗan yin shawara ta wuce da kanta. Amma akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani abu a jini mai suna G6PD. An fi ganinsa a maza, ta wajen uwa ɗa namiji yake gadonsa, kuma yana da yawa a ƙasar nan. Ƙwayoyin jinin irin waɗannan yaran ba sa jure kafur, ko lalle, ko wasu magunguna. Sai su farfashe da yawa a lokaci guda, aiki ya fi ƙarfin hanta, sinadarin ya hauhawa har ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa. Inda ya fi maƙalewa can ciki ne, wurin da ke daidaita motsin jiki, da kuma hanyar ji. Ta ce sun sauke abin da ke jini, wanda ya riga ya shiga kuwa sai gaba za a ga abin da ya bari. Ni dai a lokacin ɗana ya buɗe ido ya kama nono, shi ke nan abin da ke gabana.

Watannin da suka biyo baya Abba ya zama yaron da ba a jin ɗuriyarsa. In aka kwantar da shi rigingine, gwiwoyinsa sai su baje gefe da gefe su kwanta a katifa, hannuwa ma inda aka ajiye su nan za a dawo a same su. In aka ɗaga shi ta hammata, kafaɗunsa sai su tashi sama ya nemi sulɓewa. In aka kamo hannuwansa daga kwance za a zaunar da shi, kan sai ya rage a baya yana reto. Jariri yakan riƙe wuyansa wajen wata uku zuwa huɗu, ya zauna tsakanin wata shida da tara. Abba ya cika wata shida wuya laƙwas. Goyonsa sai da majanyi biyu, ɗaya a ƙugu, ɗaya na tallafe ƙeya.

Mutane kuwa da baki. Wasu suka ce nonona ne ba shi da kyau. Wasu suka ce shan inna ce, alhali masu rigakafi ba su taɓa wuce ƙofarmu ba su ɗiga masa ba, kuma ita shan inna farat ɗaya take zuwa bayan zazzaɓi ta kama ƙafa, ba haka take tasowa da yaro a hankali tun yana tsumma ba. Wadda ba zan manta ba ita ce wata tsohuwa da ta zo gaishe da Inna lokacin da na je ganin gida. Ta ɗauki Abba ta jujjuya, ta ja Inna gefe, amma da muryar da zan ji. "Wannan ai ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne. Musanya aka yi mata. A kai shi bakin Watari da la'asar sakaliya a ajiye, a juyo kada a waiwaya, zai koma wajen danginsa." Inna ba ta ce mata uffan ba. Ta ɗauko mata mayafinta ta miƙa mata, ta raka ta har zaure.

Tun ina yarinya nake jin wai irin yaron nan yakan rikiɗe ya zama maciji ya sulale cikin ruwa. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya gani da idonsa ba, kullum wani ne ya ji daga wani. Abin da na sani shi ne, jaririn da ba ya iya ɗaga kansa, in aka bar shi a bakin ruwa da daddare, ba sai ya zama komai ba kafin a neme shi a rasa. Limamin unguwarmu, Allah ya saka masa, da babansa ya kai masa maganar sai ya yi wa yaron addu'a, ya tuna masa hadisin nan cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ya ce mu koma asibiti.

Kafin ranar ganin likita ta zo sai abin ya juya. Yana wajen wata goma, surukata Hajiya ta ɗauke shi ta tsayar a cinyarta, sai ƙafafun suka miƙe ƙam, ya dogara a kan yatsu. Hajiya ta rangaɗa guɗa. "Kun gani ko? Ina masu cewa ba zai taka ba? Ƙarfi ya zo!" Aka sa masa yatsa a hannu ya damƙe ya ƙi saki, ƙannen babansa suna dariya suna cewa kamun maza ke nan. Washegari Hajiya ta sa aka soya waina aka raba sadaka. Maƙwabta suka riƙa shigowa yi mini barka, har da masu cewa wata biyu ya yi yawa zan gan shi yana bin bango.

Ni ma na yi murna, sai dai ni ce mai yi masa wanka. Wajen sa masa nafkin cinyoyin sai su matse, ƙafafun su harɗe, sai na sa ƙarfi kafin su buɗe. Wajen sa riga gwiwar hannu ta ƙi lanƙwasuwa. Babban yatsansa kullum a cikin tafi, sauran sun rufe shi. Ga wuyan nan kuma har yanzu faɗuwa yake. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da zarar barci ya ɗauke shi duk taurin sai ya tafi, ya koma sharaf yadda na san shi. In kuma ya farka ya hango abin da yake so, maimakon hannun ya nufi abin sai ya tafi baya, fuskar ta juya gefe, baki ya buɗe, jiki ya sandare. Iya son da yake wa abu, iya nisan da hannunsa zai yi da shi.

Likitan yara ya tura mu sashen gashi. Wadda ta karɓe mu wata mata ce mai sanyin hali. Ta kwantar da shi ta lanƙwasa ƙafarsa a hankali, ta sake lanƙwasawa da sauri, ta ɗan buga gwiwarsa da 'yar gudumar roba, ta kaɗa masa abin wasa tana kallon yadda jikin zai yi. Na ce, "Anti, ai ya fara ƙarfi, jiya ma sai da ya tsaya a cinyar kakarsa." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Maman Abba, wannan ba ƙarfi ba ne. Ƙarfi shi ne ki so ɗaga hannu ki ɗaga, ki so saukewa ki sauke. Wannan ɗauri ne."

Ta ce tsokar kowane mutum, ko yana zaune shiru, tana da ɗan ɗaurin da ke riƙe da ita, shi ya sa kai ba ya faɗuwa, baya ba ya ranƙwafewa. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙara ɗaurin nan ta rage shi kowane lokaci ba da sanin mutum ba. Ta tambaye ni ko na san kalangu. Fatar tana nan lafiya, igiyoyin suna nan lafiya, amma hammatar makaɗi ce ke matsewa ta saki, sannan sauti ya fita daidai. "Tsokar ɗanki lafiya lau, ƙashinsa lafiya lau. Makaɗin ne ya ji rauni. Wani lokaci ya saki gaba ɗaya, wani lokaci ya matse ya ƙi sassautawa." Sakin jikin da aka ce ɗan ruwa ne, da sandarewar da aka soya wa waina, duk daga wuri ɗaya suka fito.

Ta kuma bambance mini tauri iri biyu. Akwai wanda yake nan kusan kullum, in aka ja gaɓar da sauri sai ta cije, in aka bi a hankali ta biyo. An fi ganinsa a bakwaini da yaran da aka sha doguwar naƙudarsu ba su yi kuka da wuri ba. Akwai kuma mai zuwa yana tafiya, wanda niyyar motsi ko murna ko tsoro ke tayar da shi, yana murɗa jiki. Shi ne wanda shawara ta fi bari, kuma shi ne na Abba, ko da yake yana da ɗan na farkon a ƙafafu. A katinsa CP suka rubuta, wato cerebral palsy, raunin ƙwaƙwalwa mai hana sarrafa motsin jiki, a gari kuwa galahanga ake cewa. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Abin da ke lalacewa in an yi sake shi ne gaɓoɓi: yaro yana girma, ƙashi yana tsawo, tsokar da ke ɗaure kullum ba ta bin sa, sai gaɓa ta ƙage.

Ranar ban ci abinci ba. Ban kuma iya gaya wa Hajiya ba, babansa na bar wa wannan aikin.

Zaman benci ya koya mini cewa sakin jiki alama ce kawai, ba ita ce cutar ba. Na ga yaran da aka haifa da lalurar Down, jikinsu a sake, nasu bai taɓa juyewa ya zama tauri ba, da yawansu kuma sun yi tafiya, sai dai a makare. Na ga wata yarinya da gwajin jini ya nuna ƙarancin sinadarin da wata halitta a maƙogwaro ke samarwa, aka ɗora ta a kan 'yar ƙwaya ɗaya kullum, jikinta ya tashi. Na ga waɗanda tamowa ce kawai ta sake musu jiki. A ɓangaren masu tauri kuma ga wanda sanƙarau ya bari haka, ga wanda zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai. Da za a jera su a tabarma ɗaya, tsohuwar nan suna ɗaya za ta ba su duka.

Gashin asibiti awa guda ne ko ƙasa da haka, sauran aikin a gida yake. Abu na farko da aka koya mini shi ne ɗaukarsa. In na sunkuce shi ta hammata daga rigingine, nan take zai banƙare. Sai dai na mirgina shi gefe, na lanƙwasa ƙugunsa da gwiwoyinsa, na kawo kafaɗunsa gaba, sannan na ɗaga. Da ƙugu ya lanƙwashe, rabin taurin ya tafi. Goyo kuwa Anti ta ce kada na kuskura na daina, domin yana buɗe cinyoyi, abin da su ma suke nema ke nan. Miƙa gaɓoɓi kuma a hankali ake yi, a riƙe, a jira tsokar ta yarda. Masu zuwa su ce a ba su shi su ja ƙafar da ƙarfi ta miƙe, ko a murje shi da tausa mai zafi, ƙara masa ɗaurin kawai suke yi. Wanzamin da aka kawo zai yi masa tsaga a gwiwa kuwa babansa ya sallame shi da kuɗin mota.

Cin abinci shi ne yaƙin da ya fi tsawo. Harshe da maƙogwaro su ma tsoka ne, abin da ke damun hannu yana damun su. Harshen Abba turo abinci yake waje, ruwa kuma kafin ya shirya haɗiyewa ya riga ya gangara, sai ƙwarewa da tari har fuska ta canza. Dangi suka ce a yi masa ɗura. Aka hana ni da kakkausar murya, domin abin da ya kauce hanya huhu yake tafiya, kuma limoniya ta riga ta taɓa kwantar da mu. Sai zaune, haɓa ta ɗan sunkuyo, cokali ƙarami, kunu mai kauri ba tsululu ba. Kwano ɗaya yakan ci mana kusan awa. Ga shi jikin da ba ya daina motsi yana ƙona abinci, shi ya sa bai taɓa yin ƙiba ba. Nakan dama masa kunun da gyaɗa da madara, na murje ƙwai ko wake a cikin fate, na zuba ɗan manja.

Kujerarsa ta farko da kwali muka yi ta, mai kusurwa a baya don ta tura kafaɗu gaba, da ɗan tudu a tsakiya mai raba cinyoyi. Daga baya kafinta ya kwaikwaya da katako. A nan ne Hajiya ta shigo da tata dabarar. Ta sa almajiri ya haƙa rami a tsakar gida, wai a riƙa tsayar da shi a ciki ana cike gefen da yashi, haka aka yi wa wani a garinsu. Na kai wa Anti ƙara, ina jiran ta yi faɗa. Sai ta yi dariya ta ce tunanin Hajiya bai ɓace ba, tsayuwa tana ƙarfafa ƙashi, tana taimakon ƙugu da bayan gida, sai dai a rami ba mai ganin yadda tafin ƙafa ya murɗe. Ta zana mana katakon tsayuwa mai maɗauri a gwiwa da ƙugu da ƙirji. Har gobe Hajiya cewa take ita ta koya wa likitoci.

Magani kuwa ciniki ne, a ba ka nan a karɓe can. An fara masa da baclofen, wata ƙwaya mai sassauta ɗaurin tsoka. Ƙafafun suka sassauta har na ji daɗin sa masa wando, amma wuyan da muka sha wahala ya fara tsayawa ya koma faɗuwa, ga barci, ga ƙwarewa ta ƙaru. Ƙwaya ba ta san ƙafa daban wuya daban ba. Likita ya rage ta a hankali, don ba a yanke ta lokaci guda. Aka koma wata da ta fi dacewa da mai murɗa jiki, ashe ita ce wadda 'yan ƙwaya suke kira Exol, wadda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA take yawan kamawa. Ranar farko da babansa ya je saya sai da mai kantin magani ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi, ya juya takardar likita gaba da baya. Ta rage masa murɗewa, ta rage dalalar yawu, ta kuma kawo taurin bayan gida. Duk inda za a rubuta masa wani magani kuma sai na fara faɗar maganar G6PD, don akwai waɗanda ba a ba shi.

A hankali na gane cewa taurin nan ma magana ce. In Abba ya wuni a sandare fiye da yadda ya saba, to akwai abin da ke cin sa: ko ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, ko haƙori, ko kunne, ko takalmi ya matse, ko zazzaɓi na tafe. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai daren da zazzaɓi ya haɗu da taurin, ya banƙare ya ƙi saki, gumi yana zuba. Maƙwabciyata ta ce farfaɗiya ce a sa masa cokali a baki. Na hana, don idonsa biyu, yana bina da kallo, yana jin duk abin da ake yi. Asibiti muka nufa a daren, kuma likita ya ce irin wannan ba a jira da shi gari ya waye.

Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, zuwa gashi ya tsaya, ni kuma ga tsohon ciki. Kafin a dawo daidai agararsa ta gajarce, dunduniya ta daina taɓa ƙasa a katakon tsayuwa. A Asibitin Ƙashi na Dala aka riƙa sa masa filasta ana canzawa, kowane karo a ɗan ƙara tura ƙafar, har ta dawo, sannan aka auna masa takalmin roba mai riƙe idon sawu. Takalmin nan ba ya girma da yaro, in ƙafa ta ƙaru sai sabo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa kuɗin A Daidaita Sahu ya sa na rage zuwa, don ba a shiga da Abba a cakuɗe da fasinja, sai dai shata. Matan da muka fara zaman benci tare da su, masu zuwa daga ƙauyuka, da yawa na daina ganinsu.

Bayan Abba na haifi mace, sannan namiji. Shi ƙaramin a kwana na biyu na fito da shi hasken rana na danna ɗan yatsa a kan hancinsa, na ɗaga, wurin ya nuna rawaya. Ban tsaya shawara da kowa ba. Gwaji ya nuna shi ma yana da ƙarancin da yayansa yake da shi. Ya yi kwanakinsa a ƙarƙashin fitila, ba a kai ga canjin jini ba, ga shi nan yanzu ba ya zama wuri ɗaya. Jini ɗaya, cuta ɗaya, tazarar 'yan kwanaki ce kawai tsakaninsu. Tun daga nan in na je barka sai na yaye labule, na fito da jariri waje, na duba ido da dasashi, na sunsuna kayan sawa. In na ji kafur sai an kwashe an wanke kafin na tafi. In aka ce mini ai ana shanya shi a hantsi, nakan ce hantsi bai hana nawa ba. Dangin mijina har suna suka sa mini, wai duba-gari.

Abin da ke ƙona mini rai har yanzu shi ne masu shigowa su tsaya a kansa su ce, "Allah sarki, yana ma gane mutane kuwa?" Yana jin su. Shawara takan taɓa ji, an kuma gwada shi, nasa ya samu rauni: in wuri ya yi hayaniya magana takan cakuɗe masa, amma in shiru ne aka fuskance shi yana ɗauka tsaf. Ɗaga ido sama yana yi masa wuya, don haka in za a yi masa magana sai a durƙuso daidai fuskarsa. Yana da sautin da yake nufin e, yana da juya kai da yake nufin a'a. In ƙanwarsa tana hadda ta tsallake aya, kafin na ankara Abba ya sandare yana gurnani, sai ta koma ta gyara zai saki. Da yawan yaran da shawara ta taɓa haka suke, hankali garau a cikin jikin da ba ya jin umarni. Makarantun da muka gwada kuwa, wata ta ce ba su da mai kula da shi, wata matakalarta kaɗai ta ishe mu amsa. An sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya tun watan Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika ya wuce. Wani malamin Islamiyya ne yake zuwa gida yana yi masa karatu da allon hotuna, yana nunawa Abba yana zaɓa da ido.

Yanzu maganar da ke gabanmu ta ƙugu ce. Yaran da ba sa tafiya ana yi musu hoton ƙugu lokaci-lokaci, saboda tsokar cikin cinya in ta daɗe tana ja takan zare kan ƙashin daga gurbinsa a hankali, ba tare da an lura ba sai ciwo ya fara. Hoton Abba na baya-bayan nan ya nuna na hagu ya soma fita. Likitocin ƙashi sun kawo shawarar aiki, a sassauta jijiyoyin cikin cinyar tun abin bai kai ga taɓa ƙashi ba. Sun gaya mana gaskiya cewa aikin ba zai sa ya yi tafiya ba, don zama ne ba ciwo da sauƙin tsarki. Babansa ya amince, yana so a bari sai bayan Sallah ya haɗa kuɗin. Hajiya ta ce ba za a yanka mata miji ba. Ni kuma bayana ya fara gazawa da goyonsa, ƙafafunsa har gwiwata suke kaiwa, ga kujerar ta yi masa kaɗan. Mai waldan da ya yi alkawarin haɗa mana wata a kan tayoyin keke ya ce na dawo ranar Asabar da awon cinyarsa da na bayansa.